Azumin Waɗanda Suka Gabace Mu: Tarihin Azumi da Lokutan Addu'a a Wurin Kiristoci

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da sauran annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, kowace shekara idan Ramadan ya ƙarato kana jin ayar azumi ta cikin Suratul Baƙara, inda Allah Ya sanar da mu cewa an ɗora wa waɗanda suka gabace mu irin wannan farilla. Galibi mukan ratsa wannan gaɓa da hanzari, mu nufi hukuncin sahur da buɗa-baki da kaffara. Amma a 2025 tambayar ta zo mana har ƙofar gida, domin Ramadan ya kama a farkon watan Maris, Kiristocin Katolika kuma suka shiga nasu azumin na kwana 40 ranar 5 ga watan. Sai ga abokin aikinka a Yamai, ko maƙwabcinka a Maraɗi, yana cewa shi ma azumi yake yi, ga shi kuwa da gorar ruwa a hannu da tsakar rana. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai waɗannan ba su taɓa sanin azumi ba. Dariyar rashin ladabi ce, maganar kuwa kuskure ce a tarihi, kuma a kanta nake so mu zauna.

Saɓaninmu da su a kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sananne ne, kuma ba ya cikin wannan darasi. Zan bi da kai ne cikin abin da marubutansu suka ajiye game da azuminsu da lokutan addu'arsu cikin kusan shekara 2000. Abu guda nake so ka sa wa ido tun daga farko har ƙarshe: ƙarfe nawa suke buɗa baki. Wanda ya bi wannan lokaci daga ƙarni zuwa ƙarni ya fahimci rabin labarin.

Mabiyan Annabi Isa na farko Bani Isra'ila ne. Sun taso cikin gidajen da aka san azumin yini guda na neman gafara a shekara, aka kuma san masu tsananin riƙo da ke azumtar Litinin da Alhamis. Littattafan da ke hannunsu sun ba da labarin Annabi Musa ya yi kwana 40 a kan dutse bai ci ba bai sha ba, da na Daniyel wanda yake fuskantar Baitul Maƙdis yana addu'a sau uku a yini. Linjilar Matiyu ta ce Annabi Isa ya yi azumin kwana 40 a jeji kafin ya fara kiran jama'a, kuma a sura ta 6 ta haɗa abu uku wuri guda, sadaka da addu'a da azumi, ta gargaɗi mai yin kowanne a kan riya, har da kashedi ga mai murtuke fuska don a gane azumi yake yi. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna jama'ar Antakiya suna azumi da addu'a kafin su aiki masu wa'azi. Tun daga nan ba a raba biyun ba. Kiristocin Larabawa har yau da kalmomin salat da saum suke kiran su.

Sai dai ka lura da wani abu, domin duk abin da zai biyo baya daga gare shi ya tsiro: babu inda Linjilolin suka ƙayyade wata, ko adadin kwanaki, ko lokacin kame baki da na buɗawa. Shugabannin majami'a ne suka tsara waɗannan daga baya. Abin da majalisa ta ɗaura kuwa, wata majalisar tana iya kwance shi.

Tsari mafi tsufa da ya iso gare mu yana cikin wani ɗan littafi na Girkanci mai suna Didake, wato Koyarwa, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ɓace ɗaruruwan shekaru, aka tsinci kwafinsa a Istanbul a 1873. Ya umarci mabiya su bar Litinin da Alhamis ga Yahudawa, su azumci Laraba da Juma'a, su karanta addu'ar da Annabi Isa ya koya wa almajiransa sau uku a yini, wanda za a yi wa baftisma kuma ya yi azumin yini ɗaya ko biyu tukuna. Malamansu na baya suka ba da dalili: Laraba ce ranar da aka ƙulla cin amanarsa, Juma'a kuwa ita ce ranar da suka yi imani an gicciye shi.

Don ka gane lokutansu, ka sani mutanen wancan zamani daga fitowar rana suke ƙirga sa'o'i. Sa'a ta uku ita ce hantsi, wajen ƙarfe 9. Ta shida tsakar rana. Ta tara kuwa wajen ƙarfe 3, gab da la'asar ɗinmu. Tertuliyan, wani malami mai zafin alƙalami da ya rayu a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, ya rubuta littafi a kan addu'a, wani kuma a kan azumi. A wurinsa muka ga waɗannan sa'o'i uku tare da addu'ar safe da ta maraice, muka ga ɗaga hannuwa, da durƙusawa, da fuskantar gabas, har arna suka riƙa zarginsu da bautar rana. Azumin Laraba da Juma'a suna kiransa da kalmar soja mai ma'anar tsayuwar gadi, ba a ci komai sai sa'a ta tara. Shi Tertuliyan ma gani yake yi wannan sassauci ne, ya kamata a kai har faɗuwar rana.

Babban azumin da ke gaban idinsu na Ista da ƙanƙanta ya fara. Wajen shekara ta 190 Iraniyus, bishop ɗin birnin Liyon, ya rubuta wa bishop ɗin Rum cewa wasu yini ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye, wasu kuma sa'a 40 a jere, dare da rana. Kwana 40 bai bayyana sosai ba sai a ƙarni na 4, bayan Sarki Kustantin ya ɗauke wa Kiristoci tsanani, aka yi babban taron Nikiya a 325. Wannan taro ya taɓa har yanayin tsayuwa, ya ce ranar Lahadi a tsaye za a yi addu'a, ban da durƙuso. Ga kuma wani abin mamaki. Wajen shekara ta 340 Atanasiyus, shugaban majami'ar Iskandariyya, yana gudun hijira a Rum, ya aika wa wani bishop abokinsa a Masar wasiƙa yana roƙonsa ya matsa wa mutane su yi azumin kwana 40, kada duniya duka tana azumi Misrawa su zama abin dariya su kaɗai suna ci. Ka riƙe wannan, za mu dawo ga Misrawan nan da Rumawan nan mu ga yadda zamani ya juya da su.

Mafi kyawun hoton wancan zamani wata mata ce ta bar mana shi, sunanta Egeriya, wadda ta taso daga yammacin Turai ta zauna a Ƙudus tsakanin 381 da 384, tana rubuta wa ƴan'uwanta mata abin da ta gani. Ta ce a can mako 8 suke yi, suna cire Asabar da Lahadi. Akwai masu ci ranar Lahadi ba su ƙara ci sai Asabar. Akwai masu ci a tsakiyar mako. Wanda bai iya ba yana ci daga maraice zuwa maraice. Masu tsananin riƙo a cikinsu ba sa taɓa gurasa ko mai, sai ruwa da ɗan kunun gari. Abin da ya fi jan hankalina a labarinta shi ne cewa ba a yaba wa wanda ya yi da yawa, ba a kuma zargin wanda ya yi kaɗan. A ƙarni na 5 wani masanin tarihi mai suna Sukurat, ba masanin falsafar nan ba, ya ƙirga saɓanin garuruwa: Rum mako 3, Iskandariyya mako 6, wasu mako 7, waɗannan sun bar duk mai rai, waɗancan suna cin kifi, wasu har da tsuntsaye.

Waɗanda suka kai wannan al'amari ƙarshensa su ne ruhubanawa, masu barin gari su shiga hamada. Antoniyus na Masar, wanda ya rasu a 356 yana da shekara fiye da 100, an rubuta cewa sau ɗaya yake ci bayan faɗuwar rana, gurasa da gishiri da ruwa, wani lokaci kuma sai bayan kwana biyu ko huɗu. Gidajen ibadar Wadin Natrun, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, tun daga ƙarninsa suke, kuma har yau da mutane a ciki. A Italiya, Benedik ya rubuta wa almajiransa ƙa'ida a ƙarni na 6: taruwa sau 7 da rana, sau ɗaya da dare, su sauke Zabura duka, waƙa 150, kowane mako, a cikin babban azumi kuwa ba a cin abinci sai maraice.

Irin waɗannan mutane ne Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa hidima kafin ya iso Madina. Labarinsa yana cikin Sirar Ibnu Ishaƙ da Musnadin Imamu Ahmad. Yana saurayi mai tsaron wutar Majusawa ya wuce ta wata majami'a, ya ji muryoyinsu suna ibada, ya shiga, bai fito ba sai da rana ta faɗi. Bishop na farko da ya zauna da shi a Sham mugu ne, yana kwaɗaitar da mutane sadaka yana tara ta a tuluna bakwai na zinariya da azurfa. Wanda ya gaje shi kuwa Salmanu ya shaide shi da gudun duniya da naci a kan ibada dare da rana, daga gare shi ya wuce Mausil, da Nasibin, da Ammuriyya. Sahabi ya ga na banza ya faɗa, ya ga na kirki ya faɗa. Alƙur'ani ma ya yi duka biyun: a Suratul Ma'ida ya ambaci malamansu da ruhubanawansu da rashin girman kai, a Suratul Hadid ya ce su suka ƙago ruhubananci, ba su kuma kiyaye shi yadda ya kamata ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda muke karantawa a zaurukanmu, akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan da ya aika Sham, cewa zai tarar da mutanen da suka tsare kansu domin Allah a ganinsu, ya ƙyale su da abin da suka tsare kansu dominsa. Wasiyyar lokacin yaƙi ke nan. Na ambace ta ne domin waɗanda suka cinna wa majami'u wuta a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, aka yi asarar rayuka, ba su da abin dogaro a cikinta.

Ɗalibai za su tuna da abin da Imamuɗ Ɗabari ya kawo a tafsirinsa daga Suddi da Sha'abi, cewa wata guda aka wajabta wa Nasara, da ya riƙa zagayowa cikin tsananin zafi sai suka mayar da shi lokacin da sanyi ke ƙarewa zafi bai kankama ba, suka ƙara kwanaki har ya kai 50. Wannan maganar tabi'ai ce, kuma littattafan Kiristoci ba su ba da labarin haka ba. Amma malaman nan biyu mutanen Kufa ne, maƙwabtan garin Hira mai yawan Nasara, kuma abu biyu da suka faɗa sun dace da abin da ido ke gani: babban azumin Kiristocin Iraƙi mako 7 ne, kusan kwana 50, kuma ba ya zagaya shekara kamar Ramadan. Ista, a lissafin Yamma, Lahadin farko ce bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris, saboda haka ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai wannan lokacin ni'ima ne. A ƙasarmu ƙarshensa tsakiyar bazara yake faɗawa.

Yanzu mu bi Yamma, inda lokacin buɗa-baki ya fara tafiya. A zamanin Paparoma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, Rum tana yin mako 6 ban da Lahadi, kwana 36, shi kuwa ya kira su ushirin kwanakin shekara. Daga baya aka ƙara kwana 4 a gaba don a cika 40, sai farkon azumi ya koma Laraba, wadda ake shafa wa mutane toka a goshi don tuna mutuwa da tuba. Dokar a lokacin mai nauyi ce: ci ɗaya a yini, da maraice, babu nama, babu ƙwai, babu nono ko man shanu.

Ba a taɓa yin ranar da aka ce an soke wannan ba. An dai riƙa matso da lokacin. Ƙa'ida ta ce sai an yi addu'ar maraice a ci, sai aka fara yin addu'ar maraicen da wuri. Zuwa ƙarni na 13 babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, yana koyar da cewa sa'a ta tara ce lokacin ci. Sa'an nan ita kanta addu'ar sa'a ta tara aka riƙa jawo ta baya, har ta zauna a tsakar rana. Kalmar da Ingilishi ke kiran tsakar rana da ita a yau daga sunan wannan sa'a ta tara ta fito, shaida ce da harshe ya ajiye. Da abinci ya koma ƙarfe 12, dare ya yi tsawo, sai aka yarda da ɗan abin sha da maraice, ɗan abin sha ya zama ɗan abin taɓawa, daga baya aka ƙara wani da safe. Masana dokarsu suka kafa ƙa'ida cewa abin sha ba ya karya azumi, har aka yi doguwar muhawara a ƙarni na 17 a kan shokola, shin abinci ce ko abin sha. Ga asalin gorar ruwan da ka gani.

Ban ce kowane sassauci son zuciya ba ne. Manomi da ke huɗa tun asuba cikin sanyin arewacin Turai yana da uzuri. Ƙasashen da zaitun ba ya fitowa, idan ka hana su man shanu ka hana su mai gaba ɗaya, alhali mutumin Italiya yana da nasa a tulu. Inda abin ya ɓaci shi ne da rangwame ya zama abin saye. A birnin Rouen na Faransa akwai hasumiyar babbar majami'a da ake kira Hasumiyar Man Shanu, an gina ta a ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16, kuma sunanta yana komawa ne ga kuɗin da mutane suka biya don a yarje musu cin man shanu a cikin azumi. Mai kuɗi ya sayi sauƙi, talaka ya ɗauki nauyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Maris na 1522, a birnin Zurik na Suwizalan, wasu mutane suka taru a gidan wani mai ɗab'in littattafai, aka yanka tsiran-alade biyu aka rarraba, suka ci a cikin azumi da gangan. Limamin garin, Zuwingili, yana wurin. Bai ci ba, amma ya hau mumbari ya kare su da hujjar da na ce ka lura da ita tun farko: Littafinsu bai ƙayyade kwanaki ko abinci ba, saboda haka ba mai ikon tilasta wa kowa. Da wannan ɗan nama gyaran Furotesta ya fara a Zurik. Su Furotesta ba su ce azumi banza ne ba. Sun mayar da shi zaɓin mutum. A cikinsu an sami irin Jon Wesli, wanda ya kafa tafarkin Metodis a Ingila a ƙarni na 18, wanda shi da abokansa a Okusfod suka koma ga Laraba da Juma'a har ƙarfe 3, kamar mutanen farko. Amma ga yawancin jama'a, abin da aka bar wa zaɓi ya tafi.

Katolika sun riƙe dokar har cikin ƙarni na 20, sa'an nan suka sauke ta da sauri. A da wanda zai karɓi gurasar ibadarsu ba ya cin komai ba ya shan komai tun tsakar dare. A 1953 aka halatta ruwa, a 1957 aka mayar da kamewar sa'a 3, a 1964 sa'a ɗaya. Ranar 17 ga Fabrairu 1966 Paparoma Bulus na 6 ya fitar da sabuwar doka: azumin dole ya rage kwana 2 a shekara, Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista, tare da barin nama a ranakun Juma'a. Dokar majami'a ta 1983 ta ɗora barin nama a kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuma daga 18 zuwa shiga ta 60. Siffarsa ci ɗaya cikakke, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Adalci ya sa in faɗi manufarsa: ya so mutane su bar lissafin loma su koma ga tuba ta gaskiya da addu'a da taimakon matalauta, kuma akwai waɗanda suka yi hakan, suna yin fiye da abin da doka ta nema. Amma a ganina ya kyautata zato ga ɗan Adam fiye da kima. Ibadar da babu lokacin da kowa ya sani, babu maƙwabcin da ke yin ta tare da kai, ƴan kaɗan ne ke iya ɗaukarta shekara da shekaru.

To, ina Misrawan da Atanasiyus ya ji tsoron za a yi wa dariya? Jikokinsu, Kibɗawa, suna cikin mafi yawan azumi a duniyar Kiristoci. Babban azuminsu kwana 55 ne, na gaban Kirsimeti 43, na Maryamu 15 a watan Agusta, na Annabi Yunusa 3, ga na manzanni, ga Laraba da Juma'a. Jimilla ta haura kwana 200 a shekara. Siffarsa kashi biyu ce: kame baki daga ci da sha tun tsakar dare zuwa wani lokaci na yini, gwargwadon ƙarfin mutum da shawarar limaminsa, sa'an nan idan an buɗa ba a cin abin da ya fito daga dabba. Wake da ganye da man tsirrai su ne abincin. Suna da littafin addu'o'i mai suna Agbiya, mai lokuta 7: asuba, sa'a ta uku, ta shida, ta tara, faɗuwar rana, kafin barci, da tsakar dare. A kowane lokaci suna karanta Zabura da Linjila, su roƙi jin ƙan Ubangiji sau 41, suna fuskantar gabas, kuma a kwanakin azumi suna kai goshi ƙasa.

Daga Masar addinin ya tafi Habasha a ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, kuma Atanasiyus ɗin nan ne ya naɗa musu bishop na farko. Majami'arsu ta zauna ƙarƙashin ta Iskandariyya har 1959. Wannan ita ce ƙasar da Sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam a gaban Najjashi da limamansa har suka yi kuka. Limaman nan masu azumin Laraba da Juma'a ne. Har yau a Habasha daga safiya ake ƙirga sa'o'i, mai riƙo ba ya cin komai a ranar azumi sai ƙarfe 9 nasu, wato 3 na yamma, bayan an fito daga ibada. Kusan kwana 180 ne a kan kowane baligi, limamai da ruhubanawa suna kai wa wajen 250. Suna tuɓe takalmi a ƙofar majami'a, kuma idan babban azumi ya kama mahauta da yawa rufe shagunansu suke yi har sai an yi idi.

Me ya riƙe shi a nan ya sake shi a can? Ina ganin dalilin yana cikin gida da kasuwa fiye da cikin littafi. A Masar Kibɗawa sun zama tsiraru, azumi ya zama alamar da suke gane juna da ita, yaro yana koyon sa daga tukunyar mahaifiyarsa kafin ya ji shi a wa'azi. A Habasha gari ne gaba ɗaya ke canza abinci, wanda ya ci nama shi ne bare. Kuma a wurare biyun ba a raba lokacin ci da lokacin addu'a ba: sai an idar da ibadar sa'a ta tara ake buɗa baki, ba a kuwa jawo ta baya ba. Su ma suna da tasu cutar, limamansu suna kuka da masu canza miya kawai su cika faranti da soye-soye. Kukan tsoho ne. Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya ya yi shi a Antakiya a 387, yana tambayar jama'arsa amfanin barin kifi da tsuntsu ga mai cin naman ɗan'uwansa da harshe. Ba sai na gaya maka inda ka taɓa jin makamancin wannan ba.

Kiristocin ƙasarmu ba ta hanyar Masar ko Habasha addinin ya zo musu ba. Ƴan mishan na SIM, Furotesta daga Amurka ta Arewa da Ingila, sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun zo ta hannun limaman Faransa, aka kafa wa Maraɗi tata diyosis a 2001. Duka rassan biyu na Yamma ne, azumin ya iso nan bayan an riga an sauƙaƙa shi. Duk da haka ƙasar Afirka ta sake ɗaga shi ta wata fuska. A ƙasar Yarabawa, tun daga annobar mura ta 1918, aka sami majami'un da ake kira Aladura, wato masu addu'a, waɗanda suka ɗora al'amarinsu a kan azumi da kwanan ibada. Majami'un Fentikos da yawa a yau suna buɗe shekara da azumin kwana 21 ko fiye, wasu ba ci ba sha daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Saboda haka idan Kirista ya ce maka yana azumi, kalmar tana iya nufin barin nama ranar Juma'a, tana iya nufin ci ɗaya a yini, tana iya nufin kame baki har faɗuwar rana. Tambaya ce za ta bambance maka, idan ka yi ta da ladabi.

Ɗan Katolika za ka gan shi da toka a goshi wata Laraba cikin Fabrairu ko Maris, masu Faransanci suna kiran kwanakin da suka biyo baya Karem. Ranakun Juma'a da yamma suna taruwa a majami'a, suna tara sadakar abin da suka rage daga abincinsu. Daren Asabar na ƙarshe suna raya shi da karatu da addu'a, Lahadi su yi idi. Litinin da ke biye hutu ce a Nijar, ofisoshi da makarantun gwamnati a rufe, kuma da yawa daga cikinmu sun sha yin wannan hutu ba su san kashegarin ƙarshen azumin maƙwabta ba ne.

Allah ne Mafi sani.